Baduanjin ko Taichi: wanne ya fi wa matashin da wuya ya riƙe masa?

Ranar da na san wuyana ya lalace da gaske ba a asibiti nake ba, a kan sallaya nake. Na gama tahiya zan yi sallama, na juya dama lafiya lau, ina zuwa hagu sai na ji kamar an soka min ƙusa tun daga ƙeya har allon kafaɗa, dole sai da na juya da jikin gaba ɗaya kamar mai ɗauke da tulu a ka. Shekarata 27 fa a lokacin. Ina Zhengzhou, babban birnin lardin Henan a ƙasar Sin, ina ta fama da rubutun digiri na biyu, laftof a kan cinya, ni a kan gado na jingina da bango na sunkuyar da kai tun bayan isha'i har ƙarfe 2 na dare, ga sanyin hunturun garin da yake sa ka ɗage kafaɗa ta kusa taɓa kunne ba tare da ka sani ba. In na rufe laftof kuma sai waya. Na shafa man zafi har ɗakin ya koma wari kamar kantin mai ɗori, na sha Panadol, na canza filo sau 2, duk a banza, sai ya lafa kwana 3 ya dawo.

Da na je wajen likita aka ɗauki hoton wuyan, ya ce ƙashi lafiyarsa ƙalau, tsoka ce ta gaji ta ɗaure, in je in riƙa motsa jiki. To motsa jiki wane iri? A Sin wannan tambayar tana da amsa a kowane lungu, don da sassafe in ka leƙa kowane filin shaƙatawa za ka ga tsofaffi sun yi sahu suna ɗaga hannu a hankali kamar masu iyo a cikin ruwa. Ni dai na gwada guda biyu da gaske, Baduanjin da Taichi, na ɗan taɓa wasu biyun. Tunda na dawo gida kuma ba wanda ba ya kukan wuya, ƙanwata mai karatun jarrabawa, abokina mai shagon POS da yake wuni kansa a ƙasa, wani ɗan'uwanmu tela, kowa tambayarsa ɗaya ce: wanne zan yi? Shi ya sa na ce bari in zauna in baje shi yadda na gani.

Amma kafin nan ga wata magana da ba na so a tsallake. Ba kowane ciwon wuya ne na motsa jiki ba. In wuya ya sanƙare tare da zazzaɓi da ciwon kai mai tsanani, ko amai, ko ido ba ya son haske, wannan mu 'yan arewa mun san sunansa, sanƙarau ake tsoro musamman lokacin zafi da ƙura, asibiti za a nufa a ranar ba gobe ba. Haka in ciwon ya biyo bayan faɗuwa daga mashin ko hatsarin mota, ko yana sauka hannu har yatsu suna sagewa ko kana jin kamar ana tsira maka allura, ko hannu ya rasa ƙarfi kofi yana suɓuce maka, ko in ka juya kai jiri ya kwashe ka. Duk mai ɗaya daga cikin waɗannan ya ajiye rubutuna ya je ya ga likita tukuna. Ni da masu irin nawa nake magana, wuyan da ya riƙe saboda zama da sunkuyo, wanda aka duba ba a ga komai ba.

Me ma yake jawo shi? Wuya ƙasusuwa 7 ne a jere, suna ɗauke da kai mai nauyin kusan kilo 5. Wani likitan ƙashin baya a Amurka, Kenneth Hansraj, ya yi lissafi a 2014 cewa in ka sunkuyar da kai sosai irin na mai danna waya a kan cinya, nauyin da wuya yake ji zai iya kai wa kilo 27, ka ga ya ɗara rabin buhun siminti kenan. Lissafin kwamfuta ne dai, ba auna mutane ya yi ba, kuma ni a ganina sunkuyon shi kaɗai ba shi ne matsalar ba, ai kakanninmu sun yi ta sunkuyo a gona da bakin murhu. Matsalar ita ce ka daskare a wuri ɗaya awa 4 ba ka motsa ba, ga damuwar jarrabawa ko ta kuɗi da take sa ka matse kafaɗa, ga barci ba ya isa. Saboda haka abin da za ka nema a kowane irin motsi abu 3 ne: ya juya wuyan, ya buɗe ƙirji da kafaɗa, ya kuma sa ka saki jiki.

Bari in fara da Baduanjin, ana furta shi kamar ba-dwan-jin. Ma'anar sunan wai ƙyalle 8 na alharini mai ado, wato motsi 8 ne masu daraja kamar yankin tufafin sarauta. Sunan ya daɗe, tun zamanin daular Song ake ambatonsa, wato tsakanin 960 da 1279. Yana cikin dangin da suke kira Qigong, a furta cigung, motsi a hankali haɗe da numfashi. Da can iri-iri ne, kowane malami da nasa, har da na zaune, sai a 2003 hukumar wasanni ta ƙasar Sin ta fitar da tsari ɗaya na kowa da kowa, shi ne wanda za ka fi gani a YouTube yau, kuma daga farko zuwa ƙarshe kusan minti 12 ne. A tsaye kake yi, ƙafa ba ta zuwa ko'ina sai dai ka buɗe ta ka haɗe, in kana da filin sallaya da inda za ka miƙa hannu ba ka bugi bango ko fanka ba, shike nan ka samu wuri.

Cikin takwas ɗin, guda 4 na farko kamar don mai ciwon wuya aka yi su. Na farko ka sarƙe yatsu ka ɗaga hannu biyu sama kamar za ka tallafi rufin ɗaki, ido yana bin hannun, sannan ka dawo da haɓa ciki ka miƙe sosai, sau 6. Wannan miƙa ce irin ta wanda ya tashi daga barci amma mai tsari. Na biyu jan baka, ka buɗe ƙafa ka ɗan tsuguna kamar kana kan doki, hannu ɗaya ya tura gefe ɗayan ya ja tsirkiya, kai ya juya yana kallon inda kibiya za ta, a nan za ka ji allunan kafaɗarka biyu suna neman haɗuwa a baya, wurin da zaman laftof ya buɗe ya bar shi a sake. Na uku hannu ɗaya sama ɗaya ƙasa.

Na huɗun shi ne nawa. Sunansa da Sinanci yana nufin waiwaye baya don maganin gajiya da rauni. Kana tsaye hannu a ƙasa, sai ka murɗa hannuwan zuwa waje har tafin hannu ya kalli gefe, ƙirji ya buɗe, sannan ka juya kai a hankali ka waiwaya baya ta gefen hagu, ka ɗan tsaya, ka dawo, ka yi dama. Sau 3 kowane gefe. Ka ga dai sallama ce aka ja ta aka yi mata tsawo. Wani dattijo da nake tsayawa a bayansa a filin kusa da makaranta, muna ce masa laoshi wato malam, shi ya gyara min kuskuren da kusan kowa yake yi: ina juya kai kafaɗata tana bi. Ya zo ya dafa kafaɗuna biyu da hannunsa mai sanyi kamar ƙanƙara ya danne, ya nuna min da haɓa in juya. Wallahi ko rabin inda nake zato ban kai ba. Ashe duk kwanakin nan ƙuguna ne yake waiwaye, wuyan yana zaune abinsa. Ya yi dariya ya faɗi wata kalma da na ji ta fi sau dubu a wurinsu, man man lai, wato a bi a sannu.

Sauran huɗun sun fi shafar baya da ƙugu da ƙafa: na biyar kaɗa kai da ƙugu a tsugune, na shida sunkuyawa ka shafo ƙafa har ƙasa, na bakwai naushi a hankali kana zare ido, na takwas ka ɗaga dunduniya ka sake ta ta bugi ƙasa sau 7. Mai ciwon wuya ya yi hankali da na biyar, don akwai zagaya kai a ciki, ni satin farko da na yi shi da zafin nama sai da na kwana ina da-na-sani. Ka rage zagayen ya zama ɗan ƙarami, ko ka tsallake shi sati 2 na farko, ba wanda zai kama ka. Na takwas ma kar ka buga dunduniya da ƙarfi, girgizar tana hawa har ƙeya.

To Taichi fa? Wannan shi ne wanda kowa ya sani a fim. Asalinsa dabarar faɗa ce, daga wani ƙauye mai suna Chenjiagou a gundumar Wen, nan cikin Henan, tsallaken Rawayen Kogi daga inda na zauna, ana danganta shi da wani Chen Wangting na ƙarni na 17. Daga baya Yang Luchan ya koya a wurin 'yan gidan Chen ya kai shi Beijing, daga zuriyarsa aka samu salon Yang mai laushi wanda ya fi yaɗuwa. A 1956 gwamnati ta sa aka taƙaita shi zuwa motsi 24 don talakawa su iya, kuma a Disambar 2020 UNESCO ta sa Taichi cikin jerin al'adun gado na duniya. Mai 24 ɗin in ka iya shi minti 5 zuwa 6 ne kacal, ka ga ma ya fi Baduanjin gajarta a agogo. Amma kalmar ita ce in ka iya.

Don Taichi ba motsi ɗaya kake maimaitawa ba, tafiya ce, wannan yana shiga cikin wancan ba tsayawa, hannun dama yana wani abu na hagu yana wani, nauyi yana tashi daga wannan ƙafa zuwa waccan, ƙugu yana juyawa, ido yana bin hannu, kai kuma kana ƙoƙarin tuna me ke biye. Sunayen ma kansu abin sha'awa, raba gezar dokin daji, farin zalɓe ya buɗe fiffike, kama wutsiyar gwara, hannun gajimare. Na yi zango guda cur ina zuwa aji sau ɗaya a sati kafin in iya kai wa ƙarshe ba tare da na leƙi na gabana ba, kuma ko a lokacin malamar cewa take yi na haddace hanya ne kawai, ban fara Taichi ba tukuna. Baduanjin kuwa a kwana 4 na riƙe jerin, a sati 2 na daina kallon kowa.

Abin da mutane ba su sani ba shi ne a Taichi wuya ba ya juyawa shi kaɗai sosai. Kai da ƙirji da ƙugu tare suke tafiya kamar ƙyauren ƙofa. To ta ina yake taimakon wuya? Ta hanyar tsayuwa. Ƙa'idarsu ta farko ita ce ka ji kamar an ɗaura zare a tsakiyar kanka an ja sama, haɓa ta ɗan koma ciki, kafaɗa ta sauka, gwiwar hannu ta rataya. Duk wanda ya taɓa ganin 'yar talla da faranti a ka tana tafiya ba ta riƙe ba ya san tsayuwar da ake nufi. Minti 40 ana tuna maka sauke kafaɗa, sauke kafaɗa, har ya zama ko a layin cin abinci ka tsinci kanka ka sauke ta. Wannan amfani ne babba kuma mai daɗewa, sai dai a hankali yake zuwa, kuma sai da wanda zai kalle ka ya ce ka karkace. A bidiyo ba mai gaya maka. Kuma ga gwiwa: sabon shiga in ya tsuguna da yawa ko ya bar gwiwa ta faɗa ciki alhali yatsun ƙafa suna kallon wani wajen, zai je neman maganin wuya ya dawo da ciwon gwiwa, na ga wanda hakan ta faru da shi a ajinmu, wani ɗan Pakistan, sai da ya huta sati 3.

Wuri ma abin dubawa ne. Mai 24 yana tafiya gefe taku da yawa ya dawo, a ɗakin hostel mai gado 4 ko ɗaki ɗaya na haya ba zai yiwu ba sai ka fita tsakar gida ko fili, kuma mu faɗi gaskiya, saurayi ko budurwa a unguwarmu ya fito tsakar gida yana raba gezar doki a hankali, kafin ya kai na biyar yara sun cika katanga. Mace musamman, Baduanjin ya fi mata sauƙi, ta rufe ɗakinta ta sa wando mai faɗi ta gama kafin ruwan shayi ya tafasa.

Sai maganar bincike, don na san akwai masu cewa duk wannan labarin tsofaffin Sin ne. An gwada, kuma ba a Sin kaɗai ba. A birnin Essen na Jamus an yi wani gwaji da aka buga a 2016, mutum 114 masu daɗaɗɗen ciwon wuya, aka raba su 3: wasu Taichi na sati 12, wasu motsin wuya irin na asibiti, wasu aka ce su jira. Masu Taichi sun fi masu jira samun sauƙi, amma tsakaninsu da masu motsin asibiti ba a ga wani bambanci ba. A Berlin ma an buga wani a 2011, mutum 123, Qigong na wata 6, sakamakon kusan iri ɗaya: ya fi zama haka nan, kuma ya yi kunnen doki da motsa jiki na yau da kullum. Ka lura da abu biyu. Na farko, na Essen ɗin yawancinsu mata ne masu shekara kusan 50, ba 'yan 22 masu wuni a TikTok ba, don haka kar wani ya ɗauko shi ya ce an tabbatar a kan matasa. Na biyu, ba wanda ya nuna abin Sinawan ya doke na likitan fizio, wato mai gyaran jiki da motsi a asibiti. Daidai suke tafiya. Ni wannan bai rage min komai ba, sai ma ya kwantar min da hankali, don ya nuna ba wani sirri a ciki, motsi ne da numfashi da natsuwa, kuma wanda ka iya riƙewa kullum shi zai yi maka aiki.

Akwai ma inda duka biyun suka gaza, gara in faɗa. Ba sa ƙara wa wuya da kafaɗa ƙarfi sosai, don ba nauyi kake ɗagawa ba. A Finland an yi gwaji da mata ma'aikatan ofis 180, aka buga a 2003, waɗanda suka yi shekara suna motsin ƙarfafa wuya da roba da ɗan ƙarfe sun samu sauƙi ƙwarai. Matashi mai jini a jika da yake iya zuwa jim, ko yake da robar motsa jiki a gida, in ya haɗa da jan roba zuwa ƙirji da tura haɓa ciki sau 10 safe da yamma, ya fi wanda ya tsaya a Baduanjin kaɗai. Ni haka na yi daga baya.

Sauran biyun da na ce na taɓa, a gurguje. Wuqinxi, a furta u-cin-shi, wasan dabbobi 5 ne da ake dangantawa da likita Hua Tuo wanda ya rasu wajen shekara ta 208: damisa, barewa, beyar, biri da tsuntsu. Na birin yana da daɗi ga kafaɗa, ka ɗage ta har kunne ka juya kai sannan ka sake ta ta faɗo, amma dai kwaikwayon biri ne, wanda yake da kunya ba zai jure ba. Yijinjing kuwa motsi 12 ne da ake alaƙantawa da gidan ibadar Shaolin, shi ya fi duka ja da murɗa jiki, akwai wanda za ka kai hannu bayan kai ka kamo kunne ka murɗa, ga matashi mai lafiya yana da kyau, amma ga wanda wuyansa yake ciwo yanzu-yanzu ya yi tsauri a fara da shi.

Yanzu tambayar da na san tana cin wasu tun sakin layi na uku: ba shirka a ciki? Ni ba malami ba ne, abin da na gani zan faɗa. Bayanin da Sinawa suke yi wa abin yana da kalmomin falsafarsu, qi da suke cewa wani ƙarfi ne mai zagaya jiki, da yin da yang, wato abu biyu kishiyoyin juna da suke daidaita juna, kuma tarihinsa ya ratsa ta wurin 'yan addinin Dao da na Buddha, wannan ba a ɓoye yake ba. Amma tsarin Baduanjin na 2003 da Taichi mai 24 ba ruku'u ga kowa, ba kiran sunan wani, ba addu'a, lissafi ne da numfashi, hukumar wasanni ce ta tsara su kamar yadda ake tsara fareti. A Zhengzhou akwai unguwar Musulmi 'yan ƙabilar Hui guda, Guancheng, inda nake zuwa Juma'a, kuma dattawan da muke sahu ɗaya da su na sha ganin wasunsu da farar hula a fili da safe suna yi. Inda ni kaina na ɗan ja baya shi ne Yijinjing, don motsinsa na farko sunan wani abin bauta na 'yan Buddha yake ɗauke da shi, kuma ana haɗa tafin hannu a ƙirji. Wannan ma wani dalili ne da ya sa ban sa shi a gaba ba. Kiɗan da ke cikin bidiyon kuwa in ba ka so ka kashe murya ka ƙirga da bakinka. Wanda zuciyarsa ba ta natsu ba ya nuna wa malaminsa bidiyon ya ji ta bakinsa, kuma in ya bari bai yi asara ba tunda mun ga motsin asibiti ma yana kai wa inda suke kai wa.

To wa zai ɗauki wanne? In kai ɗalibi ne ko mai aikin zama, ba ka da malami, ba ka da fili, datarka a ƙirge take, kuma abin da kake so shi ne wuyan nan ya sake ka, ɗauki Baduanjin, ban ma ga abin dogon tunani ba. Ka sauke bidiyo ɗaya na tsarin hukuma, wanda ake nuna mutum daga gaba yana yi a hankali, ka ajiye a waya, kar ka yi ta tsalle daga wannan malami zuwa wancan don za su rikita ka. Ka jingina wayar daidai tsayin ido, kar ka ajiye ta a ƙasa ka koma sunkuyon da ya kawo ka. Sati na farko guda 4 na farko kawai, a gaban madubi in akwai, kana lura da kafaɗa. Jin ja da ɗan tsami ba komai, amma zafi mai suka ko wanda yake harbawa hannu alama ce ka wuce iyaka, ka rage. Lokaci kuwa bayan asuba ya fi min, jiki bai riga ya ɗaure ba, sannan in na ji wuya ya fara nauyi da rana sai in tashi in yi na ɗaya da na huɗu kawai, minti 3. Ka ba shi sati 8 zuwa 12 kafin ka yanke hukunci, gwaje-gwajen ma ba a kwana 10 suka ga canji ba, in kuma ka kai haka ba wani sauƙi ko abin yana ƙaruwa, koma asibiti a nemo maka likitan fizio.

Taichi na wanda ya samu malami ne ido da ido, kamar 'yan'uwanmu da suke karatu ko kasuwanci a Sin, Guangzhou ko Yiwu ko Beijing, inda za ka fita fili ka tsaya a bayan sahu kyauta ba mai korar ka. Kuma na wanda ciwonsa ya fi alaƙa da damuwa ne, irin mutumin da in ya kwanta kansa ba ya daina lissafi, don wahalar haddar nan da na yi kuka da ita ita ce kuma daɗinsa, ba za ka iya tunanin kuɗin haya kana ƙoƙarin tuna ƙafar da za ta fita ba. Baduanjin in ka saba kana iya yinsa hankalinka yana kasuwa, kuma gaskiya bayan wata 3 yana iya gundurar mai saurin gajiya da abu ɗaya. Taichi ba ya ƙarewa, kullum akwai abin gyara. In kana cikin masu son abu mai zurfi da za su riƙe shekaru, kuma gwiwarka lafiya, nan ne wurinka, sai dai kar ka sa ran wuya zai saki a satin farko.

Ni wajen sati na biyar da fara Baduanjin na lura na yi sallama hagu ban ji ƙusar nan ba, ban ma ankara ba sai da na miƙe ina naɗe sallaya. Ba zan ce shi kaɗai ya yi ba, don a daidai lokacin na sauko da laftof daga gado na ɗora shi a kan littattafai a tebur, na kuma fara kwanciya kafin 12. Har yau in na yi kwana 4 ina aikin dare ban motsa ba yana ɗan leƙowa ta hagun nan dai. Ƙanwata na koya mata guda 4 na farko, tana yi a ɗaki, ta ce na jan bakan ya fi mata. Mai POS ya yi kwana 6 ya bari, ya ce kwastoma ba sa jira. Taichin da na sha wahalar zango guda a kansa kuwa, jiya na gwada a tsakar gida bayan magariba da ba kowa, na taho lafiya har hannun gajimare, na 10 kenan, daga nan na tsaya da ƙafa ɗaya a gaba ina sosa ƙeya, na rasa ko hagu ake yi ko dama.